Muƙamuƙin Roba a Bolar Demsawo

Shekara shida ke nan da muka raka Filibus makwancinsa a ƙauyensu da ke bayan Numan, muka dawo Jimeta a mota ɗaya. Duk shekara idan watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa. Sai in fara, in ga ina ta zuba yabo kamar mai nema masa muƙami, in ajiye. Filibus ba ya son yabo, kuma in za a faɗi gaskiya ba kullum ya cancance shi ba. Mutum ne mai taurin kai, mai tarkacen ɗaki, wanda zai tsayar da kai a rana yana yi maka bayanin abin da ba ka tambaye shi ba. Bana na bar yabo. Zan ba da labarin yini guda ne kawai, yinin da saura ƙiris mutanen unguwarsu su ƙone shi da ransa saboda wani abu da ya yi wa mahaifiyata.

A makarantar kwana muka haɗu, gadonsa a saman nawa. Ni ɗan unguwar Makama ne, cikin tsohon garin Yola, gidan da Fulatanci ake ji a tsakar gida. Shi ɗan malamin coci ne daga kudancin jiha. Na ƙare a ofis ina tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan, shi kuma ya zama malamin koyar da aikin injina a wata makarantar fasaha. Ya kama haya a unguwar Demsawo da ke Jimeta tare da matarsa Rahila da 'ya'yansu maza biyu, ya mai da ɗakin baƙi wurin aikinsa. A nan na fara ganin injin.

Firinta yake kiransa, amma ba takarda yake bugawa ba. Abu yake fitarwa wanda za ka ɗauka ka jujjuya a hannu. Gunduwa-gunduwa ya yi odarsa, ya zauna ya haɗa da kansa. Ga ido ba wani abin kirki ba ne, ƙarafuna ne a tsaye da 'yan wayoyi, girmansa bai kai ƙaramin firiji ba. A gefe an rataye naɗin zaren roba mai kaurin taliya. Injin yana jan zaren ya narkar da shi a wani ɗan baki mai zafi, bakin kuma yana yawo a kan faranti yana zana siffa da narkakkiyar robar. Idan ya gama shimfiɗa ɗaya sai ya ɗaga kaɗan, abin da bai wuce kaurin takarda biyu ba, ya zana wata a kanta. Haka zai yi ta yi, wata kan wata, har abu ya tashi tsaye. Siffar kuwa a kwamfuta take. Ita ke yanyanka zanen sala-sala, ta riƙa miƙa wa injin ɗaya bayan ɗaya.

Na ce masa ban ga abin da ya bambanta wannan da wasan yara ba. Ya harare ni, ya ce da Hausarsa ta Jimeta wadda ba ruwanta da mace ko namiji, “Buba, masassaƙi yana ɗauka gungume ne, ya yi ta rage har turmi ya fito, rabin itace ya tafi banza. Kakana kuma in zai gina tukunya ba ya rage komai. Murza yumɓu yake yi, ya ɗora, ya ɗora. To wannan jikan kakana ne.”

Daga nan ya ɗaure ni da tarihi. Ya ce abin ba sabo ba ne, tun muna firamare a ƙasashen waje akwai injinan da ke daskarar da wani ruwa mai yauƙi da haske, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Manyan masana'antu kaɗai ke da su, don su ga kamannin abu a hannu kafin su ƙera shi da yawa. Daga baya aka samu masu narka gari, har garin ƙarfe, da tsinin haske mai ƙarfi. Da wa'adin haƙƙin mallakar waɗanda suka fara ya ƙare, sai ƙananan injina masu araha suka fantsama, mutane suna raba zanensu kyauta, har ɗaya ya faɗo ɗakin wani malami a Demsawo. Yana faɗin wannan yana nuna ƙirjinsa, sai ka ce da shi aka yi shawarar tun farko.

Ya yi wa mutane amfani da shi, ba zan hana shi wannan ba. Maɓallin fanka da ya karye, ɗan haƙorin keken ɗinki da aka daina kawowa, murfin famfon ban-ruwa na masu lambu a bakin tafkin Njuwa. Ya kuma sha kunya. Murafun farko da ya kai Njuwa zafin ranar Yola ya lanƙwasa su, sai da ya nemo wani irin zare mai jure zafi. Ya gano cewa abu ya fi saurin tsagewa ta inda shimfiɗun suka haɗu, don haka sai ka yi tunanin ta ina nauyi zai danna kafin ka kwantar da zanen. Ga nawa, ƙaramin abu sai ya ci yini. Ga kuma babbar matsala: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, shi ke nan, sai a ɓamɓare a sake daga tushe. Waɗanda suka lalace ya kan tara su a leda, in ta cika ya wurga bola.

Yanzu sai in kawo mahaifiyata, wadda muke kira Dada. Ni ne ɗan farinta, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta gaya wa ƙanwata Asta, ko da ina durƙushe a bakin ƙofa ina ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a cikinta muka tashi. To wannan matar ce ƙari ya fito wa a muƙamuƙin hagu, can cikin ƙashi. Yana girma a hankali, ita kuma tana ƙara jan mayafi. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa gaisuwar rasuwa, aka ce wa dangi ciwon ƙafa ne. Ban da Asta da likita ba wanda ya ga fuskar. Ni da ke kai ta asibiti ma idanuna a kan titi suke.

Likitan ya ce sai an yanke ɓangaren ƙashin da ya lalace, a ɗaura siririn ƙarfe a madadinsa. Damuwarsa ita ce ƙarfen a miƙe yake zuwa, sai an buɗe fuska sannan a tsaya ana lanƙwasa shi ana gwadawa, tsohuwa kuwa ba ta da ƙarfin daɗewa cikin maganin barci. Ya ce a wasu wurare akan fitar da kwafin ƙashin da roba, likita ya lanƙwasa ƙarfensa a kai tun kafin ranar aiki. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin wata duniya. Na ce masa na san wani mahaukaci a Demsawo.

An riga an ɗauki hoton kanta da injin nan na asibiti mai ɗaukar jiki sala-sala, aka ba mu a faifai. Filibus ya ce aikin ya yi sauƙi ke nan, wancan injin ya yanyanka, nasa zai jera. Saura yardar mai ƙashi. Asta ta yi ta kai da kawo, a ƙarshe Dada ta yarda da sharaɗi guda: kada wani mahaluki ya san na wane ne. Filibus ya zo har zaurenmu ya cire hula ya yi alkawari, Asta ta kai ciki.

Jan zarensa ya ƙare a lokacin, sai wani fari mai ɗan ratsin ruwan madara ya rage. Na sha tunanin da jan ne ya rage, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Na farko wuta ta katse shi a rabi. Na biyu ya kwance daga faranti ya karkace. Sai da ya haɗa batira sannan na uku ya fito daidai. Ranar da ya miƙo mini shi na yi ta jujjuya shi a hannu. Muƙamuƙi ne sosai, da haƙora jere, ga giɓin biyun da na san ta rasa, ga kumburin a hagu ya kai ƙwan agwagwa. A jikin roba na fara ganin ciwon mahaifiyata. Na juya baya na yi kamar ina duba batiran, shi kuma, Allah ya saka masa, ya yi kamar bai gani ba.

Saura na huɗu, wanda zai juya ɓangaren dama mai lafiya ya mai da shi hagu, don likita ya ga yadda ƙashin ya kamata ya koma. Shi ya ɗora a inji da safiyar wata Asabar. Kafin nan ya share ɗaki, abin da ba ya yi sai shekara ta zagayo, ya kwashe lalatattun ya wurga bola kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana kallon abubuwan nan a matsayin roba har ya manta da abin da suka yi kama da shi.

Ina kasuwar Jimeta bayan azahar waya ta yi ƙara. Rahila ce, muryarta ba irin wadda na sani ba. “Malam Buba, kana ina? Ka zo yanzu-yanzu. Mutane sun cika ƙofa, sun ce maigida yana sayar da kan mutum.”

Wani mai tsintar robobi ne ya yage ledar ya ga haƙora. Ya kurma ihu, wata mata ta ce ta ga wanda ya zubar, shi ke nan. Shekarun nan gari bai gama farfaɗowa daga tsoro ba, kowa a ɗar-ɗar yake, kowa yana da labarin wani da ya fita bai dawo ba. Da na isa, layin ya toshe. Musulmi da Kirista ne kafaɗa da kafaɗa, ranar ba wanda ya tambayi addinin wani. Tsoro ya haɗa kan unguwar fiye da duk wani taron zaman lafiya da na taɓa halarta. Jauro, wato mai unguwa, dattijo ne siriri, ya jingina bayansa da ƙyauren gidan, jami'an tsaro biyu a gefensa, ba ta inda za su fitar da mutum su kai mota. A gaba-gaba akwai mai facin da ke bakin titi, wanda Filibus ke kai wa tayar motarsa. Ya rungumo tsohuwar taya, wani a bayansa riƙe da galan.

Na kutsa da ƙyar na kai ƙofa. Shi gogan ya hau benci daga ciki, kansa ya leƙo ta saman katanga, wai zai yi musu bayani. Ya roƙa aka miƙa masa muƙamuƙin da ya karkace, ya karya shi gida biyu, ya nuna musu cikinsa mai rami-rami kamar saƙar zuma. Wallahi har ya fara gaya musu cewa akan bar ciki a haka ne don zare ya yi auki. Na ce a raina wannan mutumin darasi zai kashe shi. Ya ƙyasta ashana ya kara, abin ya narke ya ɗiga. Wasu suka ja baya suna kallon juna, na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai wani da ya zagaya ta lungu ya leƙa taga ya ƙwalla ihu, “Ga kan mutum a kwamfuta! Yana juyawa!” Hoton Dada ne Filibus ya bari a buɗe. Taron ya sake yunƙurowa, ƙyauren ya yi ƙara a bayan Jauro. Mai faci ya ɗaga murya, “Oga, roba ne, mun ji. To a jikin wa ka kwafa? Ina mai shi? Ka faɗi sunansa!”

“Mara lafiya ne,” in ji Filibus. “Yana da rai. Ba zan faɗi suna ba.”

Aka sake tambaya, ya sake ba da amsar nan. Dutse ya tashi daga baya ya same shi a goshi, ya sauka daga bencin, na ji Rahila ta fasa kuka a ciki. Can sai ga kan ya sake leƙowa, jini yana bin hancinsa, ya ce musu in kashe shi za su yi su bari matarsa da yara su fita tukuna, amma suna dai ba zai faɗa ba. Na ji warin fetur, an buɗe galan.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu na ce na mahaifiyata ne ba. Filibus ya watso mini wani kallo daga saman katanga, na fushi, ba na godiya ba. Taron kuwa bai yarda ba. Aka ce bakinmu ɗaya, aka ce waye ya san ko ni na sayar da ita. Jauro ya kamo rigata ya jawo kunnena kusa da bakinsa. “In tana raye, je ka kawo ta. Zan riƙe ƙofar nan iya ƙarfina, amma ka ga ƙarfin nawa.” Sannan ya juya ya gaya wa jama'a cewa ya aika a zo da mai ƙashin, wanda ya taɓa ƙofar kafin nan sai ya fara taka shi.

Hanyar Jimeta zuwa Yola na bi ta fiye da yadda zan iya tunawa, amma ban taɓa jin nisanta irin na ranar ba. Kowane keke mai ƙafa uku da ya sha gabana ji nake kamar da gangan ya yi. Ina tuƙi ina waiwayen sama ta madubi ko zan ga hayaƙi. Kuma ban san abin da zan ce ba. Matar da ta ɓoye wa 'yan'uwanta na jini fuskarta, ita zan ce ta zo ta buɗe wa 'yan bakin titi.

Na same ta a ɗaki bayan labule, Asta na zaune a dokin ƙofa tana tsince shinkafa. Na durƙusa, na fara gaya wa Asta kamar yadda aka saba, da Fulatanci. Na kai rabi na ga ba lokacin zagaye ba ne, na juya ga labulen na ce, “Dada, za su ƙone shi. Sun ce sai sun ga mai ƙashin.”

Ina jin tsarar kajin maƙwabta. Can ta ce, “Asta, tambaye shi. Yaron ya faɗi sunana?”

Na ce, “Bai faɗa ba. An fasa masa goshi, bai faɗa ba. Ni na faɗa.”

Ban ƙara ko kalma ba, domin na san in na roƙe ta na ɓata. Sai na ji motsin tabarma. “Asta, miƙo mini takalmana.”

Da muka iso Demsawo ƙyauren ya riga ya lotsa ta gefe ɗaya, hular Jauro tana ƙasa an tattake, amma yana nan tsaye. Na buɗe mata mota. Ta fito a hankali, Asta na riƙe da gwiwar hannunta, mayafi ya rufe komai sai idanu. Mutane suka dāre da kansu. Ko taron da ya haukace ya san tsohuwa in ya gan ta. Ta je gaban ƙofa ta miƙa hannu, Jauro ya karɓi rabin muƙamuƙin nan da wuta ta katse daga hannun wani ya ba ta. Ta juyo ta fuskanci jama'a, ta sauke mayafin har wuya, ta kara robar a kumatunta.

Na kalla. Ba zan ce na sunkuyar da kai ba. Tare da mai faci da mai galan da sauran waɗanda ban san su ba na ga fuskar mahaifiyata, bakin ya karkace, fatar ta miƙe tana sheƙi, kumburin daidai inda yake a jikin robar. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa, ita kuwa ko idonta bai ƙifta ba.

“Nawa ne,” ta ce da Hausarta mai nauyin Fulatanci. “Ga ni, ban mutu ba.” Ta dubi mai faci. “Kai, ɗan wa ne? Kai ka ce kana son gani. Matso ka gani.”

Bai matso ba. Tayar ta zame daga hannunsa ta gangara ta faɗi a kwata. Wata mata daga cikin taron, wadda da kunnena na ji tana cewa a ƙone, ta ce, “Wayyo Inna, rufe, don Allah rufe,” ta ware gyalenta ta kāre ta. Wasu matan suka taso suka kewaye ta. Mazan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana duban wani wuri, kamar dama wucewa suka zo yi.

Da aka buɗe ƙofa, abin da Filibus ya fara yi shi ne komawa ɗaki ya duba injinsa. Yana nan yana ta zanensa a kan batir, bai san an yi ba. Sannan ya fito ya durƙusa gaban Dada, jini ya bushe a fuskarsa, ya ce ta yafe masa. Ni kuwa ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata, wai na karya masa alkawari. Dada ta sa aka tattaro mata gutsattsarin duka, har wanda ya narke, ta ƙulle a bakin zane. Ta ce masa, “Yaro, in ka sake yin nawa bai yi kyau ba, kar ka kai ni bola. Ka aiko mini.” A gida ta sa aka tona rami a bayan ɗaki aka binne su, yadda take yi da gashinta da farcenta.

An yi aikin, likita ya shiga da ƙarfensa a lanƙwashe, bai daɗe ba ya fito. Dada tana nan da ranta har yau, tabon ya bi ƙarƙashin haɓa, tana cin tuwonta tana faɗa da jikoki.

Nakan tambayi kaina me Filibus zai ce da ya ga yau. Injinan sun shigo gari, na gan su a makarantu, na ga ɗaya a wani shago yana fitar da maƙalin makulli da 'yan kwalliyar kek. Na yanzu in wuta ta ɗauke sukan tuna inda suka tsaya su ci gaba, abin da da ya samu da ledar nan ba ta cika ba. Muna jin a waje ana fitar da ƙarfen kansa daidai da ƙashin mara lafiya, ba sai an lanƙwasa ba. Ana gina ɗakuna da siminti shimfiɗa kan shimfiɗa, har ana gwada jera ƙwayoyin jiki masu rai. Na san da ya yi murna, ya kuma yi ta mita cewa yaran yanzu maɓalli kawai suka iya dannawa. Da ya tsayar da mai shagon nan ya yi masa tarihin kakarsa har kwastomomi su gudu.

Amma akwai abin da nake tsoron tambayarsa. Ranar nan labari da baki ya yi tafiya, shi ya sa bai wuce layuka kaɗan ba kafin in je Yola in dawo. Yau kowa da kyamara a aljihu. Kafin in tayar da mota hoton haƙoran ya zagaye jiha da rubutu a ƙarƙashinsa, kuma waɗanda za su zo ba su san Jauro ba balle su ji nauyinsa. Fuskar Dada ma da tana yawo a wayoyin mutane har yanzu. Ina jin labaran abin da taro ke yi wa mutum a kan zargi, a garuruwa na kusa da na nesa, kuma duk lokacin da na ji sai warin fetur ɗin nan ya dawo mini. Ban ga alamar mun rage saurin hannu ba.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi 'yan shekaru bayan haka, bai yi doguwar jinya ba. Da labarin ya kai Makama, Dada ta ce wa Asta, “Wancan karon ina da abin da zan buɗe in tare masa. Wannan ba ni da komai.” Ta juya ta fuskanci bango, ranar ba ta ci abinci ba.

To me ya rage na Filibus? Ba suna ba, don ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Ɗalibansa sun watsu, wasu na aikin da ya koya musu, wasu na tuƙa keke. Ya ƙi tashi daga Demsawo bayan abin da ya faru, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai yi ƙaura, kuma Rahila tana nan a gidan har yau. Abin da na fi gani ya rage shi ne auta, yarinyar da aka haifa musu a cikin 'yan shekarun nan da Allah ya ƙara masa, wadda da ƙyauren nan ya faɗi da ba ta zo duniya ba. Hanatu sunanta. Tana firamare, ta ɗauko goshinsa da gardamarsa, in na rage mata hanya zuwa makaranta sai ta gyara mini tuƙi.

Ba ta san labarin nan ba. Kafin in rubuta sai da na nemi izinin Rahila, ta ce in rubuta, Hanatu ba ta fara karanta jarida ba tukuna. Na ce ai wata rana dole a gaya mata. Ta ce ta sani, amma ba yanzu ba. Yarinyar da suke zama benci ɗaya, suke raba abincin tara, 'yar mai faci ce.